Canjin mota saboda shan mai: Corolla, Camry, Accord ko Prius, wacce za ta dawo maka da cikonka?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, hirar mota a majalisa ta sauya salo. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta wayi gari sama da 500, kuma zuwa Oktoban 2024 ta haura dubu a gidajen mai da yawa. Da can idan mutum ya sayo mota, tambayar da ake masa ita ce wace shekara ce, kujerun fata ne ko na yadi. Yanzu kafin ma a gama yi masa "Allah Ya tsare", wani ya riga ya jefo masa: "Yaya shan manta?"

Daga nan wata shawara ta zama ruwan dare: ka sayar da tsohuwar, ka yi ciko, ka ɗauko wadda ta fi ta sabunta, mai zai ragu. Rabinta gaskiya ce. Shekarar mota ita kaɗai ba ta rage mai. Girman inji, nauyin jiki, irin giya da lafiyar motar su ne suke ragewa. Akwai wanda zai zuba miliyoyi ya tashi daga motar 2005 zuwa ta 2012 bai rage ko lita ɗaya ba, akwai kuma wanda zai koma motar da ta girmi tasa, kuɗin mansa ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu.

Abu na farko, ka san abin da motarka ta yanzu take sha. Yawancinmu ba mu sani ba. Abin da muka sani shi ne "na zuba na dubu goma ranar Litinin, ga shi Alhamis fitila ta kawo". Wannan ba awo ba ne, domin ba ka san tafiyar da ka yi a tsakani ba. Yadda ake yi: ka je gidan man da ka yarda da famfonsa, ka cika tanki har bakin famfon ya katse da kansa, kada ka bari yaro ya yi ta ɗurawa yana girgiza motar. Ka danna ɗan maɓallin da ke jikin agogon mota, lissafin tafiya ya koma sifiri. Ka yi harkokinka yadda ka saba, da kai yara makaranta, da cunkoson Ƙofar Nassarawa, da esi idan kana kunnawa. Bayan mako ɗaya ka koma famfon nan, ka sake cikawa. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce abin da motar ta sha. Ka raba kilomitar da ka yi da yawan litar. Idan ka yi kilomita 280 kuma ta ɗauki lita 35, kilomita 8 ke nan a kowace lita. Sai dai ka lura, motar da aka shigo da ita daga Amurka mil take ƙirgawa, ba kilomita ba, don haka sai ka ninka abin da agogo ya nuna da 1.6 kafin ka raba.

Idan sakamakon ya ba ka tsoro, kada ka yi saurin ɗora wa tsufan motar laifi. Da yawan motocin da ake cewa suna zuƙar mai a garuruwanmu, hannun mutum ne ya mayar da su haka. Babban misali tamostat, ɗan ƙarfen nan da ke tare ruwan lagireto har sai inji ya ɗauki zafin da ya dace, a yawancin Toyota wajen digiri 82. Al'adar gareji da yawa ce da zarar mota ta iso a cire shi, a haɗa fanka kai-tsaye da makulli, a ce maka "Oga, wannan na ƙasar sanyi ne, nan zafi muke da shi." Abin da ke biyo baya shi ne injin ba ya kai zafinsa, kwamfutar motar tana ganin har yanzu da safe ne, sai ta ci gaba da sakin mai da yawa kamar yadda take yi a mintunan farko na tayarwa. Kullum motarka tana cikin ɗumama kanta. Haka nan sansar da ke jikin salansa tana auna iskar da ta rage a hayaƙi: idan ta mutu, ko aka fasa tukunyar tace hayaƙin da makanikai ke kira indomi aka kwashe abin cikinta aka sayar, lissafin mai da iska yana iya rikicewa. Ka ƙara da filogi na jabu, da matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, da burki mai riƙe ƙafa ɗaya, da taya mai ƙarancin iska, da bakin mai mai kauri 20W-50 a injin da aka rubuta 5W-30 ko 0W-20 ɓaro-ɓaro a kan murfinsa. Duk waɗannan gyaransu bai kai cikon sabuwar mota ba. Mai Golf 3 ko Peugeot 406 mai giyar hannu da ke da lafiyar inji, musamman idan tafiyarsa ta babban titi ce, ya fara ta nan kafin ya kira dillali.

To a ce ka gyara, ka sake aunawa, har yanzu abin bai yi ba. Yanzu sai kwatance.

Yawancin tokunbo, wato motocin da aka hau a ƙasar waje kafin a shigo da su, da ke yawo a Kano da Kaduna da Abuja daga Amurka suka fito, kuma hukumar kare muhalli ta can, EPA, tana gwada kowace mota ta fitar da adadin mil nawa take yi a galan ɗaya. Ana iya ganin alƙaluman kyauta a shafin fueleconomy.gov. Idan ka ninka adadin da 0.425 zai ba ka kilomita a lita. Motar da ta shekara goma sha biyar tana aiki, a kan titinmu, da esi a watan Afrilu, ba za ta kai adadin takarda ba. Amma amfanin alƙaluman shi ne an auna duka motocin da ma'auni ɗaya, saboda haka tazarar da ke tsakaninsu abin dogaro ce, ta fi rantsuwar dillali.

Accord mai filogi shida (V6) ta 2003 zuwa 2007, wadda ake kira EOD da ƙanwarta DC, tana yin mil 21 zuwa 22, wato wajen kilomita 9 a lita. Lexus RX da Highlander masu filogi shida na wannan zamanin ba su kai hakan ba ma. Camry mai injin 2.4, ko Big Daddy ta 2002 zuwa 2006 ko Muscle ta 2007 zuwa 2009, da Accord mai filogi huɗu, duk suna wajen mil 24 zuwa 25, kilomita 10.5 ke nan. Corolla mai injin 1.8 ta 2003 zuwa 2008 tana yin mil 29, kilomita 12 da ɗoriya. Civic ta 2006 zuwa 2011 kusan daidai take da ita. Corolla ta 2014 zuwa sama mai giyar CVT, wato giyar da ba ta da hawa-hawa, tana wajen kilomita 13.5. Prius ta 2010 zuwa 2015 kuwa tana kai kilomita 21.

Abin da ya kamata ya tsayar da kai shi ne wanda na tsallake: Corolla ta 2009 zuwa 2013. Ta fi ta 2005 kyau da faɗi, ta fi ta tsada sosai a kasuwa, an sauya mata inji daga 1ZZ zuwa 2ZR. Amma giyarta har yanzu mai hawa huɗu ce, kuma ta ƙara nauyi, sai abin da sabon injin ya rage nauyin ya cinye shi. A takarda mil 29 zuwa 30 take yi, kusan daidai da yayarta. Wanda ya sayar da Corolla 2005 mai lafiya ya yi ciko ya ɗauki ta 2012 ya sayi kwalliya da ƙarin tsaro, kuma ba laifi ba ne, amma kada ya gaya wa uwargida cewa don rage mai ya yi. Haka lamarin yake tsakanin Big Daddy da Muscle mai 2.4: jiki ne ya sauya, injin 2AZ ɗin dai shi ne. Muscle ɗin ma ta 2007 zuwa 2009 ta yi suna wajen shan bakin mai saboda matsalar zoben fistin, abin da ka ce za ka rage a gidan mai sai ka kai shi shagon mai sayar da galan.

Inda sabuntar shekara ta yi aiki da gaske shi ne daga 2012. Camry ta 2012 zuwa 2017 mai injin 2.5 da giya hawa shida tana yin mil 28, wajen kilomita 12 a lita. Ma'ana babbar mota mai ɗaukar iyali da kayansu zuwa Maiduguri cikin natsuwa tana shan kusan abin da tsohuwar Corolla ke sha. A ganina wannan ita ce motar da ta fi dacewa da mai iyali da ke son barin filogi shida amma ba zai iya matsuwa a ƙaramar mota ba. Giyarta ta gargajiya ce, makanikai sun san ta, injin da sarƙa yake aiki ba da bel ba, babu fargabar tsinkewa. Accord ta 2013 ta ɗan fi ta a takarda, mil 29 zuwa 30, amma da CVT take tafiya, kuma injinta irin mai fesa mai kai-tsaye cikin silinda ne, wanda ba ya haƙuri da gurɓataccen fetur. Wanda ya san wani lokaci sai ya tsaya wajen 'yan bumburutu a hanyar ƙauye, ya yi tunani sau biyu.

Vibe da Matrix suna da masoya a Arewa, kuma da dalili. Pontiac Vibe ɗin ma Toyota ce a ciki, a masana'antar haɗin gwiwar Toyota da General Motors da ke Kalifoniya aka haɗa ta, injin Corolla ne a jikinta. Tsayin jikinta yana sa ta ɗan fi Corolla sha, mil 27 ko kusa da haka, amma tana ɗaukar kaya. Tarkon yana cikin na 2009 da 2010: akwai mai 1.8, akwai mai 2.4, kuma daga waje kusan iri ɗaya ne. Ka buɗe bonet ka karanta takardar da ke manne a ƙarƙashinsa. Idan 2.4 ce, Camry ka saya a cikin ƙaramin jiki. Idan kuma mai jan ƙafa huɗu ce, ka ƙara mata wani shan.

Yanzu lissafin da ke raba gardama. Mu ɗauka lita naira dubu ce don sauƙi, kai sai ka sa farashin garinku na yau. Mu ɗauka kuma kana yin kilomita 1,200 a wata, wato kilomita 40 a rana, irin na ma'aikacin da ke zuwa ofis ya ɗauko yara ya leƙa kasuwa. Mai filogi shida za ta sha lita 133. Camry mai 2.4 lita 114. Tsohuwar Corolla ko Camry 2012 lita 100. Corolla mai CVT lita 89. Prius lita 57.

Daga filogi shida zuwa Corolla ka rage lita 33, naira 33,000 a wata, kusan 400,000 a shekara. Kuɗi ne. Amma idan cikon da ka yi miliyan 3 ne, sai ka shekara bakwai da rabi kafin man ya biya ka. Daga Camry 2.4 zuwa Corolla lita 14 ce kacal. Daga tsohuwar Corolla zuwa ta 2015 lita 11, kuma cikon da ke tsakaninsu ba ƙarami ba ne. Wannan ba zai taɓa dawowa ta hanyar mai ba a rayuwar motar. Amma ka sauya mutumin. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna, kilomita wajen 230 zuwa kawai, ko mai haya da manhaja a Abuja, yana iya yin kilomita 3,000 a wata. Shi daga filogi shida zuwa Corolla lita 83 zai rage, cikon miliyan 3 ya dawo cikin shekara uku. Mota ɗaya, ciko ɗaya, ga wani riba ce, ga wani kuma kuɗi ne ya daskare.

Akwai wani abu da lissafin ke nunawa wanda ido ba ya gani da farko. Tashi daga kilomita 8 a lita zuwa 11 yana rage lita 34 a kowace kilomita dubu. Tashi daga 14 zuwa 21, wanda a kunne ya fi girma nesa ba kusa ba, lita 24 kawai yake ragewa. Babbar riba tana wajen barin mota mai zuƙa, ba wajen neman wadda ta fi kowacce tsimi ba. Shi ya sa mai jip ko V6 ne ya fi kowa dalilin canji, mai Corolla ko Civic kuwa ya fi kowa dalilin zama inda yake.

Prius da Camry Hybrid sun cancanci a tsaya a kansu, domin nan ne mutane suka fi rabuwa biyu. Motar tana da injin fetur da kuma injin lantarki da babban batir a bayan kujerar baya. Ba a jona ta a wuta, ita take cajin kanta, har da ƙarfin da take tarawa duk lokacin da ka taka burki. A cunkoso injin fetur yana mutuwa da kansa, esi kuma yana ci gaba da aiki saboda kwamfuresarsa ta lantarki ce. Shi ya sa Prius ta fi tsimi a cikin gari fiye da a babban titi, akasin sauran motoci. Wanda rayuwarsa ke tsakanin Sabon Gari da Kantin Kwari, ko hanyar Maraba zuwa cikin Abuja safe da yamma, shi ne zai ga bambancin da ya fi na kowa. Camry Hybrid ta 2012 tana wajen mil 40 zuwa 41, kilomita 17 a lita, ga faɗi.

Amma batirin yana da shekaru, kuma zafi ne babban maƙiyinsa. Batirin Prius guntaye 28 ne aka jera, ƙarfinsu gaba ɗaya ya ɗan haura volt 200. Idan ɗaya ya raunana, duka jerin yana shan wahala. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan "an canja batir" ba sabo ba ne, guntaye ne aka tsinto daga matattun batira aka haɗa, ya yi wata shida ko shekara ya sake kawo fitila. Akwai wata 'yar fanka da ke sanyaya batirin, tana jan iska ta wata kafa a gefen kujerar baya. Ƙurar Disamba da Janairu tana toshe ta, fasinja ya ɗora jaka a bakinta, batir ya dafu a hankali ba tare da ka sani ba. Wanke fankar nan aikin awa ɗaya ne, amma sai wanda ya san da ita. Haka mai gyaran esi: kwamfuresar hybrid tana da nata man na musamman wanda ba ya ɗaukar lantarki, idan aka zuba mata na sauran motoci an jawo babbar ɓarna. Prius ta 2010 zuwa 2015 kuma an san ta da toshewar bututun da ke mayar da hayaƙi cikin inji, wanda idan aka ƙyale shi yakan kai ga ƙonewar gasket. Hukuncina a nan: ka nemo makanike kafin ka nemo motar. Idan kana garin da akwai wanda ya ƙware a hybrid, yana da kwamfutar da za ta nuna maka ƙarfin guntayen batirin a jere, kuma tafiyarka tana da yawa, Prius za ta biya ka. Ka cire kuɗin batir ɗaya daga ribar tun a takarda. Idan kuwa sai ka yi tafiyar awa huɗu kafin ka samu mai taɓa ta, an gudu ba a tsira ba.

CVT ma haka take, ko da yake da sauƙi. Giya ce da ba ta da hawa-hawa, bel na ƙarfe ne ke zamewa tsakanin faifai biyu, injin yana zama a inda ya fi tsimi. Man ta daban ne. Yaron gareji da ya zuba mata jan man giya na yau da kullum ya kashe ta, kuma ba kasafai ake gyara ta ba, sai dai a sayo wata a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko a aiko daga Ladipo. Ba ta son lodi mai nauyi, ba ta son a yi ta fizgarta a cikin yashi ko taɓo.

Kuma kada ka manta da ranar sayarwa. Corolla kamar tunkiya ce a turke, ranar da buƙata ta taso ka fitar da ita, kafin la'asar ta zama kuɗi. Camry mai filogi huɗu tana biye. Prius da duk mai filogi shida sai ka jira mai so, kuma shi zai yi maka farashi. Wannan ya shafi tsohuwar motarka ma: tun da mai ya yi tsada kowa gudun V6 yake, saboda haka cikon da kake hasashe zai iya fin haka.

Sai tambayar tokunbo ko ta hannu. Tokunbo da dala ake sayenta, da dala ake lissafin dutinta. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma farashin motoci ya bi ta. Wannan ya sa motar hannu mai tsabta, wadda mutum ɗaya ya riƙe, ta zama abin nema. Kowacce da aibinta. Ta hannu ta sha hannun makanikanmu, mai yiwuwa babu tamostat, babu indomi, an yanka wayoyi an ɗaure da leda. Tokunbo kuma da yawansu daga gwanjon motocin da kamfanonin inshora suka sallama ake sayo su, irin su Copart da IAA, wasu hatsari suka yi, wasu ambaliya ta shanye. Hatsarin gefe da aka gyara da kyau ba matsala ba ne. Ruwa shi ne matsala, domin yana shiga wayoyi da sansa, kuma cutarsa ba ta bayyana sai bayan watanni. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 tana nan a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Ka rubuta ta a Google, sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo za su fito, ka ga yadda take kafin mai fenti ya taɓa ta. Rahoton Carfax, kamfanin da ke ajiye tarihin motocin Amurka, kuma zai nuna mil ɗin da ta yi, ka gwada da abin da agogo yake nunawa yanzu, don mayar da agogo baya aikin minti goma ne.

Ranar dubawa ka je da sassafe, ka sa hannu a kan bonet. Idan da ɗumi, an riga an tayar da ita kafin ka zo, kuma injin da ke da ƙara ko hayaƙi da sanyin safiya yake tona kansa. Dillali zai ce, "Alhaji, wannan ai shaƙar mai take yi, ba sha ba, wallahi mace ce ta hau ta a can." Ka ce masa madalla, ka murɗa makulli rabi ba tare da ka tayar ba, ka zuba wa dashbod ido. Dole fitilar inji mai ruwan ɗorawa ta kama tare da sauran, sannan ta mutu bayan injin ya tashi. Idan tun farko ba ta kama ba, an cire ƙwanta ko an liƙe ta da baƙin tef, akwai abin da ake ɓoyewa. Ka ɗaga kafet ɗin but, ka ciro tayar safaya ka duba ramin, ka janyo bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko akwai layin laka ko warin rima. Makanikenka, naka ba na dillali ba, ya jona kwamfuta a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. Kada ya tsaya a "babu kod", wato kwamfutar ba ta nuna lambobin matsala ba. Ya duba ko yanzun nan aka goge su, ya duba zafin ruwa bayan kun yi tafiyar minti goma sha biyar ko ya kai wajen digiri 85 zuwa 95 ya tsaya, ya duba adadin da ke nuna yawan man da kwamfutar ke ƙarawa ko ragewa don daidaita inji. Idan adadin ya wuce kashi 10 sama ko ƙasa, motar tana da abin da za a nema. Sannan ya kwanta a ƙasa ya ƙwanƙwasa tukunyar salansa, ya duba ko akwai sabon walda a jikinta.

Wani zai ce me ya sa ba za a bar tsohuwar a mayar da ita mai gas ba. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin CNG, wato gas ɗin da ake matsewa a tukunya don mota, a 2023, kuma gas ɗin ya fi fetur araha sosai a kowace kilomita. Ga mai V6 mai lafiya da ke yawan tafiya, juyawar tana iya fin canjin mota ma'ana, domin kuɗinta bai kai ciko ba. Sai dai tukunyar tana cinye rabin but, tana ƙara nauyi a baya, kuma cikawa ɗaya ba ta kai tafiyar tankin fetur ba. Komai ya dogara da ko akwai tashar cikawa a hanyarka ta kullum. Abuja da Legas sun riga sauran garuruwa, Arewa mai nisa kuwa tana sa ido ne ga bututun AKK da aka fara shimfiɗawa a 2020 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. Kuma a je cibiyar da aka amince da ita. Tukunyar CNG tana riƙe matsin da ya kai 200 a ma'aunin bar, tukunyar gas ɗin girki da aka yi wa walda ba ta ɗaukar ko kusa da haka.

Idan ka tsayar da mota, saura takarda. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma motocin Kwatano ba su daina biyowa ta daji ba, wasu da takardar duti ta bogi, wasu da ta wata motar, wasu an biya rabi. Irin wannan motar tana da araha a fili, kuma za ta yi ta yawo a cikin gari lafiya lau har ranar da ka hau hanyar Zariya jami'an kwastan suka ɗaga maka hannu. Kafin ka biya ko sisi, ka karɓi kwafin takardar dutin, ka je ofishin kwastan mafi kusa da kanka a duba lambarta, ka tabbatar lambar shasin da ke takardar ita ce ta jikin gilashi da ta jikin ƙofar direba, harafi da harafi. Idan ta hannu ce, a yi yarjejeniyar ciniki a rubuce da shaidu, a haɗa da kwafin katin shaidar mai sayarwa, sannan a yi canjin suna a ofishin lasin cikin makon, kada a bar shi sai an samu sarari.